Ga ɗan'uwa na Marwa mai son zuwa inda aka ɗauki manyan fina-finai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka ɗan tara kuɗi, ranka na son ka ga wuraren da aka ɗauki manyan fina-finai da idonka, musamman na Maroko da na Turkiyya inda aka yi Ertugrul, kana tambaya ko tafiyar za ta biya kuɗinta, kuma ta ina za ka fara. Na ga wasu sun ce maka almubazzaranci ne. Ni ban ce haka ba. Ni mutumin Garwa ne, sana'ata saro jallabiya da takalma daga Maroko, wani lokaci tufafi daga Istanbul, kuma a cikin wannan kai-komo ne Allah ya kai ƙafata wasu daga wuraren da ka ambata.

Wuraren nan iri biyu ne, amma masu tallar yawon buɗe ido suna haɗa su a kwando ɗaya. Akwai gari ko dutse ko gida da yake nan tun kakannin kakanni, 'yan fim suka zo suka ara na ɗan lokaci suka tafi. Akwai kuma ginin da aka yi don fim kawai, da katako da filasta da fenti. Na farkon ya isa mutum ya yi masa tattaki. Na biyun kuwa, in hanya ta bi da kai ka leƙa, amma kada ka yanki tikitin jirgi dominsa.

A Warzazat na gane haka. Gari ne a kudancin Maroko, bayan duwatsun Atlas, kuma a bakin garin akwai sansanin shirya fim na Atlas da aka kafa a 1983. Za ka biya kuɗin shiga, a haɗa ku da ɗan jagora, ya zaga da ku fadar Fir'auna, da gidan bautar mutanen Tibet, da kasuwar zamanin Rumawa. Daga nesa abin gwanin sha'awa. Da ka matsa ka ƙwanƙwasa ginshiƙin da kake zaton dutse ne, sai ka ji ƙarar fanko. Ka zaga bayan bangon, katako ne aka tokare shi da shi, rana da iska sun ɓare fentin. Wani da muka shiga tare ransa ya ɓaci, yana ta cewa an cuce shi. Ni dai ban ga cuta ba, domin a nan na fara girmama kafintoci da masu fenti da maɗinkan da ke wannan aiki, waɗanda ba wanda ya san sunansu. Mutanen garin da yawa da fim suke ci: in an zo ɗaukar labarin zamanin da, su ake ɗiba su cika kasuwa ko fagen yaƙi, har wasu ke barin gemu musamman don a riƙa zaɓarsu. Duk da haka, awa biyu ta ishe ka a wurin.

Inda zuciyata ta tsaya shi ne Ait Benhaddu, kimanin kilomita 30 daga Warzazat. Tsohon gari ne na jar ƙasa da aka gina a jikin tudu, gida kan gida, da hasumiyoyi masu zane a goshinsu, a bakin rafin Unila. A da zango ne na fatake masu ratsa Sahara zuwa Marakesh, wato hanyar da gishiri da zinariya da fata suka bi, kuma abin baƙin ciki har da bayi daga ƙasashenmu. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 1987. A nan aka ɗauki wani sashe na Lawrence of Arabia na 1962, da Gladiator na shekarar 2000, da wani yanki na Game of Thrones. Filin dagar da ka gani a Gladiator an gina shi ne a gindin garin, aka rushe bayan an gama, don haka fili kawai za a nuna maka. Amma garin kansa yana nan. Ka shiga lungu, ka taɓa bango, za ka ga ƙasa ce da aka kwaɓa da ciyawa, ana yaɓe ta bayan ruwa ya zaizaye, kamar yadda ake yi wa tsofaffin gidajenmu bayan damina. Yawancin iyalai sun ƙaura zuwa sabon gari a ƙetaren rafi, inda makaranta da titi suke, 'yan kaɗan ne suka rage a ciki. Wani dattijo ya shigar da ni gidansa ya ba ni shayi da na'ana'a, muka yi hira da ɗan Larabcina da Faransanci. Hirar fim ba ta ɗauke mu minti biyar ba. Sauran duk a kan ruwa ne, da yadda samari ke tafiya birni, da wanda zai gaji aikin yaɓe in tsofaffi sun ƙare. Ka hau har ƙololuwar tudun inda tsohon rumbun garin yake, da sassafe ko bayan la'asar, kafin motocin baƙi su cika wurin ko bayan sun watse. Da tsakar rana ba abin da za ka gani sai kawunan mutane da wayoyi.

Hanyar kuma sai ka shirya mata. Daga Marakesh kusan kilomita 200 ne, amma za ka ci awa huɗu ko fiye, saboda hawa ne da kwana-kwana har mashigar Tizi n'Tichka, mai tsayin mita 2,260. In kai mai jiri ne a mota, kada ka cika ciki kafin ku tashi. Sanyin can kuma ba irin hunturunmu ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙanƙara na sauka a kan duwatsun, har takan tare hanya. Mu da muka saba da zafin Garwa da Marwa, rigar sanyin da muke sawa a gida ba ta yin komai a can. Maris da Afrilu, ko Oktoba da Nuwamba, su ne lokacin da jiki ke jin daɗi. Masu shirya tafiyar kwana ɗaya daga Marakesh suna da yawa, sai dai za ka ƙare yininka a mota, a tsaya da kai shagon darduma da na man argan fiye da yadda za a tsaya da kai a garin da ka zo gani. Gara ka hau bas na haya, ka kwana a Warzazat, ka ga tsohuwar fadar Taurirt a cikin gari, washegari ka ɗauki tasi. Ku gama ciniki da direba ko ɗan jagora tun kafin ka sa ƙafa, kuma kada ka ɗauki hoton mutum, balle mace, ba tare da izini ba.

Turkiyya ma haka zancen yake. Tantuna da ƙofar katako da ka gani a Ertugrul suna Riva ne, a gundumar Beykoz, ɓangaren Asiya na Istanbul, kusa da Baƙin Teku. Ana shiga da tikiti, ana ba da hayar sulke da takobi a yi hoto, ana wasan dawakai. Yara da matasa suna jin daɗinsa ƙwarai. Amma shi Ertugrul na gaskiya, wanda ya rasu wajajen 1280, kabarinsa yana Sogut a lardin Bilecik, na ɗansa Usman kuma, wanda daular Usmaniyya ta ci sunansa, yana Bursa. In son tarihin ne ya ja ka, ba son 'yan wasan ba, to can ne wurin zuwa, ga kuma babban masallacin Bursa da aka gama a ƙarshen ƙarni na 14, wanda rubutun da ke bangonsa kaɗai ya isa mutum ya wuni yana kallo.

Ba ka tambayi Indiya ba, amma na san wani zai tambaya. Babban sansaninsu na Ramoji yana Haidarabad, an buɗe shi a 1996. Sai dai korayen duwatsun nan masu ƙanƙara da ake rawa a kansu a waƙoƙin da muka taso muna kallo, da yawansu a Suwizalan aka ɗauka, ba a Indiya ba.

Maganar kuɗi, kada ka yi lissafi da tikitin jirgi kaɗai. Daga Marwa sai ka gangara Ngaundare a mota, ka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ko kuma ka haura ta Kusiri ka tashi daga Njamena. Ga fasfo, ga katin rigakafin shawara, ga batun biza, wanda ofishin jakadancin ƙasar da za ka je ne kaɗai ya kamata ka yarda da maganarsa, ba 'yan kamasho ba. Sefa ba ta da kasuwa a can, sai ka canza zuwa Yuro tun a gida, kuma farashin a tsaye yake, kusan sefa 656 a kan Yuro ɗaya, ban da ladan mai canji. Shawarata ita ce ka rataya yawon a jikin wata buƙata. In kana da ɗan jari, ka sari kaya ka dawo da su, ribar ta rage maka zafin tikiti. In kuwa kuɗin nan shi ne na aure ko na haya ko na makarantar ƙannenka, ka bar tafiyar tukuna, Ait Benhaddu ba ya gudu.

Abin da ya fi damuna kuwa, ƙanena, kai da ke Marwa kana zaune kusa da wurin da aka ɗauki fim ɗin da ya je bikin fina-finai na Kan a Faransa, kuma na tabbata yawancinmu ba mu sani ba. Mindif nake nufi, kimanin kilomita 25 daga inda kake. A can Claire Denis, Bafaranshiya da ta yi ƙuruciyarta a Kamaru lokacin da mahaifinta ke aikin mulkin mallaka, ta kafa labarin fim ɗinta Chocolat na 1988, kuma dutsen nan mai kama da haƙori da kake hangowa daga hanya yana fitowa a cikinsa. Fim ne a kan zaman Bature da baransa baƙar fata a gida ɗaya, wato labarin iyayenmu ne, a ƙasarmu. Mutanen Warzazat sun mayar da irin wannan abu hanyar cin abinci ga 'ya'yansu. Mu kuwa muna wucewa ta gindin dutsen a kan babur ba mu ɗaga kai ba. A kudu ma akwai gangaren ruwan Ekom-Nkam kusa da Nkongsamba, mai tsayin kusan mita 80, inda aka ɗauki Greystoke, fim ɗin Tarzan na 1984.

In ka ƙetare gadar Ngeli ka shiga Cadi, ga Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe, wanda fim ɗinsa Un homme qui crie ya ci kyautar alƙalai a Kan a 2010. Titunan Njamena da bakin kogin Shari su ne dandalinsa. Fim ɗinsa Abouna na 2002 an ɗauki wani sashensa a Gawi, ƙauyen Kotoko da ke 'yan kilomitoci daga birnin, inda mata ke gina tukwane suna zana bangon gidajensu da launin ƙasa, tsohuwar fadar sarki kuma aka mayar da ita gidan tarihin mutanen Sao, waɗanda suka zauna a yankin a zamanin da. Kafin ka je ka nemi fina-finan ka kalla, domin wanda bai ga fim ɗin ba, bango kawai zai gani. A Njamena ka kiyaye da ɗaga waya kusa da gada, barikin soja ko fadar shugaban ƙasa. Hanyar Mora zuwa Kusiri kuma ka san halin da take ciki tun da rikicin Boko Haram ya shigo yankin, don haka ka tambayi direbobin tasha a ranar da za ka tashi, kada ka yi tafiyar dare.

Da ni ne kai, da Mindif zan fara, bayan damina ta ɗauke, hanya ta bushe. Kuɗin mai kawai zai ci maka. In ka isa ka fara zuwa fada ka gai da Lamiɗo, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da dattijon da ya ga zuwan Turawan da kyamarorinsu, domin yaran wancan lokaci yanzu magidanta ne. In ka dawo kana jin ƙafarka na ƙaiƙayin Maroko, ka faɗa mini watan da kake so, in lokacin ya dace da saron kayana sai mu tashi tare daga Duwala.