Tambaya da Amsa: Anya kuɗin hannun gem bai yi yawa ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dai abin da ke damuna shi ne tsadar hannun gem, na PS5 (PlayStation 5) ɗina ko shekara biyu bai rufa ba analog ɗin hagu, wato abin nan da ake juyawa da babban yatsa, ya fara tafiya da kansa, ɗan wasa na gudu ba tare da na taɓa ba. Da na duba kuɗin sabo sai jikina ya yi sanyi. Don Allah adalci ne wannan farashin ko dai cutarmu kamfanonin suke yi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya ba kai kaɗai ba ne, kuma farashin hawa yake yi. A Amurka hannun PS4 mai suna DualShock 4 ya fito a 2013 kan dala 60, na PS5 mai suna DualSense ya zo a 2020 kan dala 70, a 2024 kuma Sony, kamfanin da ke yin su, ta mai da shi 75.

In za a faɗi gaskiya kayan da ke cikin DualSense ba na wasa ba ne, akwai batir mai caji, makirfo, sifika, wurin shafawa da yatsa, na'urar da ke gane juyin hannu, ga maɓallan baya L2 da R2 da suke ƙara tauri in kana jan baka ko harbi. Duk wannan kuɗi ne. Sannan kamfanonin ba su cika samun riba a jikin na'urar gem ɗin ba, wata jami'ar Microsoft, Lori Wright, ta faɗa a kotu a 2021 cewa ba su taɓa cin riba a sayar da na'urar gem ɗinsu ta Xbox kanta ba. To a ina za su fanshe? A wasanni, da kuɗin rajista na wata-wata, da irin su hannun nan.

Inda ni nake ganin rashin adalci shi ne daidai abin da ya same ka. A ƙarƙashin analog akwai wani ɗan ƙarfe da ke gogar wani siririn zobe mai baƙin shafi, duk juyin da ka yi sai ya goga, a hankali shafin ya cinye ƙura ta shiga, sai hannun ya riƙa gaya wa gem cewa ka tura alhali ba ka tura ba. Wannan ɗan abin araha ne ƙwarai amma an like shi da dalma a jikin allon ciki, wanda bai iya gyara ba dole ya sayi hannu sukutum saboda abin da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Kuma ba wai babu mafita ba ne, akwai analog mai aiki da maganaɗisu da ake kira Hall effect, babu guga balle cinyewa, kamfanin Sega ya yi amfani da shi a hannun gem ɗinsa na Dreamcast tun 1998, yau ma ƙananan kamfanoni irin 8BitDo da GuliKit suna sa shi a hannayen da ba su kai na manyan tsada ba. Abin da ya fi ba ni haushi, Sony ta fitar da DualSense Edge a 2023 kan dala 200, shi ana iya zare analog ɗinsa a sa sabo na dala 20, wato sun san yana lalacewa kenan, amma sai mai kuɗi aka ba wa sauƙin canzawa.

Nintendo ma ta sha surutu kan irin wannan matsalar a Joy-Con, hannun gem ɗinta na Switch, har shugabanta Shuntaro Furukawa ya ba da haƙuri a 2020, a 2023 kuma bayan ƙorafin ƙungiyoyin kare masu saye a Turai ta amince ta riƙa gyarawa kyauta a can ko garanti ya ƙare.

Shawarata kar ka yi saurin sayen sabo. Fara duba garanti, in ya wuce ka kai wa mai gyara ya canza maka analog ɗin kawai, in da hali ka ce a sa mai maganaɗisu kuma a saita shi bayan an sa. In kuma na wani kamfani za ka saya ka tabbatar mai lasisin PS5 ne, don da yawansu suna aiki a kwamfuta da Switch amma ba sa aiki a PS5.