Amsata ga Yaya kan robar haƙoran Auta

Assalamu alaikum. Yaya, ina wuni, ya gida ya yara? Na saurari muryarki tun da rana, sai yanzu na tashi daga aiki. Na ga gara in amsa a nan inda kowa zai ji, tunda akwai wasu yaranmu da suke da wayar gyaran haƙori a baki yanzu haka.

Kin ce wata uku ke nan da cire wa Auta wayarta, an ba ta roba mai kama da gilashi tana sawa a haƙoran sama, na ƙasa kuma an manna mata siririyar waya ta ciki. Yanzu bakin yana wari da safe, dasashin ƙasa yana jini in ta goge, kuma kin ga wani abu rawaya ya taru a bayan haƙoran. Har kina cewa ko a jefar da robar a je a ɓamɓare wayar.

Don Allah Yaya kada a jefar. Haƙorin da aka ja daga mazauninsa kullum so yake ya koma, domin ƙashi da zaren dasashin da ke riƙe da shi suna ɗaukar watanni kafin su saba da sabon wuri, wasu har kusan shekara. Ritena ɗin nan, wato robar da wayar da aka manna mata, ita ce ke tsare wahalar shekara biyun da yarinyar nan ta sha, da kuɗin da kuka kashe. Amma abin da idonki ya gani gaskiya ne, ba zargi ba ne.

Bakin ɗan Adam, ko na mai lafiya, gida ne na bakteriya. An gano iri fiye da 700 da ke iya zama a ciki. Da kin goge haƙori tas, cikin 'yan mintuna miyau zai shimfiɗa wata 'yar yana a kai, a kan yanar nan suke sauka su hayayyafa, su zama farar dauɗar nan mai yauƙi da kike kankarowa da farce. To su ba ruwansu da ko haƙori ne, ko roba, ko ƙarfe. Duk abu mai tauri da ya kwana a baki za su hau. Abin da ya bambanta kayan shi ne santsinsu, da kuma ko suna barin miyau ya wuce.

Ki dubi ƙwarya da kwanon silba. In kin dama fura a kowanne, wanne ne ya fi saurin fita in an ɗauraye? Ƙwarya tana da 'yan ramuka, tana riƙe tsami. Haka abin yake a baki. Masu bincike sun auna, sun ga in kaushin abu ya wuce maikuromita 0.2, dauɗa tana fara kama shi sosai. Silin gashin kai guda yana kai wajen maikuromita 70, kin ga ke nan ƙarzunan da ido ba ya gani ma sun ishe su maɓoya.

Robar Auta irin wadda ake kira Essix ce, ta bazu ne daga 1993. Sabuwarta sumul take. Amma tana tauna a kanta cikin barci, tana ƙarzuwa, tana 'yan tsagewa. In kuma da makilin take goge ta, to ita da kanta take yi mata kaushi, domin makilin yana da ɗan gari-gari a ciki wanda aka yi don ƙarfin haƙori, roba ba ta jure shi. Abin da ya fi damuna da irin wannan robar shi ne tana lulluɓe haƙori gaba ɗaya. Miyau shi ne mai wankin baki, shi ke kashe kaifin tsami, shi ke mayar wa haƙori sinadarin kalsiyam da ya zube. Da dare dama miyau yana raguwa ƙwarai, ga roba ta tare ɗan wanda ya rage. Yanzu ki ɗauka ta sha shayi mai siga ko zoɓo, ba ta goge ba ta ɗora roba ta kwanta. Akwai wata ƙwaya, Streptococcus mutans, ita siga take ci ta fitar da asid, wato tsami. Da ma'aunin tsamin ya sauka ƙasa da 5.5, farin ɓawon haƙori ya fara narkewa. Da farin tabo kamar alli yake farawa, daga baya ya zama rami. Abin da muke cewa tsutsa ta ci haƙori ke nan, alhali ba tsutsa a wurin. Wallahi na sha ganin yara da haƙora a jere gwanin sha'awa, amma wuyan kowane haƙori da farin tabo, kuma in ka bi diddigi lemon kwalba ake sha da roba a baki.

Akwai tsohuwar samfuri, Hawley, tun 1919 ake da ita, mai faranti a ganɗa da waya ta gaba. Ita tana barin miyau ya zagaya haƙora, amma farantin nata ƙwarya ce sosai, yana shan ruwa, kuma naman gwarin nan Candida mai sa farin baki yana son sa. Ba irinta ce a wurin Auta ba, na faɗa ne don masu ita.

Sai wayar ƙasa, inda jinin yake. Yawanci siraran wayoyin ƙarfe ne aka tufka kamar igiya, aka manna da farin gam daga fiƙa zuwa fiƙa. Kowane lungu na tufkar nan maɓoya ce, gefen gam ɗin ma haka, kuma zaren sakace ba ya shiga ta sama kamar da. Ga wurin da kansa: ƙarƙashin harshe, daidai bayan haƙoran nan, nan ne bututun miyau suke buɗewa. Dauɗar da aka bari a nan tana shan gishirin miyau, cikin 'yan kwanaki ta fara ƙanƙarewa ta zama kantsa. Rawayan da kika gani ke nan. Bincike ya nuna masu wayar manne sun fi masu robar cirewa tara dauɗa da kantsa, sai dai ga wanda yake kula, ba a cika ganin ta kai ga lalata ƙashi ba. Ni ina son wayar manne ga yara, don ba a manta ta a aljihu ko a naɗe ta a takarda a zubar, amma sai da sharaɗin za a yi mata hidima.

Jinin kuma kada ya sa ta daina goge wurin, nan ne mutane suke kuskure. A 1965 a ƙasar Denmak an sa masu lafiyayyen dasashi suka daina goge baki. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda ya warware. Dauɗa ce ke kawo jinin, buroshi ba shi da laifi.

To ga abin da nake so a yi. A kai ta a yi mata wankin haƙori, domin kantsa in ta ƙanƙare ba buroshi ba aswaki da zai cire ta. Kuma maganar da ake yi cewa wankin yana sa haƙori girgiɗi ba haka ba ne, kantsar da aka bari ita ke cin dasashi har haƙori ya yi girgiɗi. A nan likita zai duba ko gam ya saki a wani haƙorin. Ku nemi ɗan ƙaramin buroshin nan mai kama da na wanke kwalba, ta riƙa zura shi ƙarƙashin wayar kowane dare. Aswaki yana da kyau, ta ci gaba, sai dai ba ya shiga ƙarƙashin waya, kuma kada ta riƙa finciko ta da shi.

Robar kuwa, da ta cire da safe ta ɗauraye kafin miyau ya bushe a kai, ta wanke da buroshi mai laushi na daban da sabulun ruwa. Ruwan sanyi, Yaya, ban da ruwan zafi, yana lanƙwasa ta ta daina shiga. Ta bar ta ta sha iska kafin ta rufe a akwatinta, akwatin ma a riƙa wankewa. In roba tana baki, ruwa zalla kawai. Maganin kurkure baki na kulohekzidin kada ta mai da shi na kullum, yana rina haƙori, sai in likita ya ce, na 'yan kwanaki.

In robar ta yi duhu ko ta tsage, lokacin sabuwa ya yi. Ki ɗauko min hotonta da na bayan haƙoran ƙasa a wuri mai haske ki turo min ni kaɗai in gani. Ki gaishe min da Auta, ki ce ta kira ni bayan isha'i in nuna mata yadda ake riƙe ɗan buroshin. Sai anjima.