Yadda mata kurame ke jan ragamar al'amuransu a nan Amurka

Hajiya, barka da war haka, ya mutanen Tudun Wada? Kin tambaya ko da gaske ne a nan mace kurma kan shugabanci ƙungiya da kanta, kuma yaya take yi da taro da asibiti. Da gaske ne, kuma mu Hausawan da ke zaune a nan, masu 'ya'ya ko 'yan'uwa kurame, wannan tsarin muke bi.

Ba a banza aka samu ba. Jami'ar Gallaudet ta kurame da ke Washington an kafa ta a 1864, amma har 1988 mai ji ne ke shugabancinta. A watan Maris na shekarar aka sake naɗa mai ji, ɗalibai suka rufe ƙofofi kusan mako guda, sai da aka ba kurma, I. King Jordan. Cikin ɗalibai huɗu da suka ja gaba akwai mace, Bridgetta Bourne, kuma a 2016 Roberta Cordano, ita ma kurma, ta hau kujerar. Tun a 1986 kuwa Marilyn Smith ta buɗe cibiya a Seattle don mata kurame da ake cin zarafinsu a gida; ai mai kai ƙarar miji ba ta da bakin yi in mijin ne ke mata tafinta.

Daga nan ƙa'idar ta fito: mai ji aikinsa tafinta, shawara kuwa ta kurame ce. Shugaba, sakatariya da ma'aji duk kurame ne.

A wurin taro ana jera kujeru kamar jinjirin wata don kowa ta ga hannun kowa. Mai magana ba ta tsayawa taga na bayanta, fuskarta za ta yi duhu. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, in kuma ana son hankalin jama'a sai a kashe fitila a kunna. Taron da ya haura awa ɗaya tafinta biyu ake ɗauka, suna karɓar juna duk bayan kamar minti 20, don in ta gaji sai ta fara yanke magana ba ta ma sani ba. Abin da ya fi shafarmu shi ne sutura. Rabin maganar hannu a fuska yake, da ɗaga gira ake gane tambaya, saboda haka tafinta ba ta aiki da niƙabi, dogon hijabi mai rufe hannu ma cikas ne. Shi ya sa taron mata muke neman tafinta mace, ta sa kaya mai launi ɗaya, ba atamfa mai zane ba. A masallaci ana ba ta rubutun huɗuba tun kafin Juma'a, ta shirya wa ayoyi da kalmomin Larabci.

Asibiti ne wurin da aka fi shan wahala. Dokar Amurka ta masu buƙata ta musamman ta 1990 ta ɗora wa asibiti samar da tafinta da kuɗinsa, kuma ba a yarda a sa ƙaramin yaro ba sai a halin gaggawa. Shugabannin matan sun fi matsawa a nan, kuma suna da gaskiya: wace mace ce za ta faɗi ciwon mara ko maganar tazarar haihuwa ta bakin ɗanta ko uwar mijinta? Tafinta na tsayawa kusa da likita, likita kuma ya dubi mara lafiya ya yi mata magana kai tsaye. Akwai tafinta ta bidiyo, amma intanet na tsinkewa, mai naƙuda kuma ba ta iya zuba wa allo ido. Wadda ta zo daga gida da maganar hannu irin tamu ta Hausa akan haɗa ta da tafinta biyu, mai ji da kurma, kurman ya sauƙaƙa mata.

Wannan na ƙarshe ku ma zai same ku a Zariya. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun Najeriya daga ta Amurka ta samo asali, ta hannun Andrew Foster da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Wadda ta yi makaranta da wadda ta tashi a cikin gida bayan sanƙarau ya taɓa ta ba lallai su fahimci juna sosai ba, don haka ku zaɓi shugabar da ta iya duka biyun. Dokar Najeriya ta masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da irinsu. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiya, shugabar ta kai da kanta, ku nemi a fara da tafinta mace a ranar awon ciki.