Gyaran Gidan Gado a Garwa Kafin a Sayar da Shi

Wani ɗan'uwa da ke aiki a birnin Liyon na ƙasar Faransa ya rubuto cewa mahaifinsu ya rasu ya bar musu gida a unguwar Yelwa da ke Garwa ta ƙasar Kamaru, mai ɗakunan kwana huɗu da makewayi biyu, kuma tun da aka gina shi ba a taɓa sabunta komai a ciki ba. Magada sun yi shawarar sayarwa. Shi kuma ya tara yuro 6,000, yana so ya tura wa ƙaninsa domin a fasa makewayin, a sa kwamin wanka irin na Turai, a shimfiɗa tayil a ɗakuna, ko gidan ya ƙara daraja. Yana tambaya ta ina ya kamata a fara.

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashinsa. Kuɗin da ka ambata, a kan canjin da ba ya motsi na sefa 655.957 a kowane yuro, sun kusa sefa miliyan 4, kuma na san ba a kwance ka same su ba, shi ya sa ba na so ka zuba su a inda mai saye ba zai biya ka ba. Mai neman gida a Garwa yakan fara tambayar unguwa da girman fili da takarda, sai daga baya ya leƙa makewayi.

Saboda haka kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, a binciko takardar mallakar fili, wadda ake kira titir fonsiye. Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta tanadi cewa cinikin fili mai wannan takarda sai a gaban noter, wato jami'in da ke rubuta ciniki ya hatimce shi, in ba haka ba cinikin bai ƙullu ba a idon hukuma. Idan takardar tana ɗauke da sunan Baba, kuna buƙatar hukuncin kotu da ke tabbatar da su wane ne magada, kai kuma da ba ka gida sai ka yi takardar wakilci a ofishin jakadancin Kamaru ka aika wa wanda ka amince da shi. In har ka karɓi takardar zama ɗan ƙasar Faransa, ka faɗa wa noter tun farko, domin dokar zama ɗan ƙasa ta 1968 ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba, kuma hakan na iya shafar yadda za a rubuta sunanka a cikin cinikin. Gidan da fentinsa ya koɗe amma takardarsa ta cika ya fi saurin samun mai saye a kan wanda yake ƙyalli alhali ana jayayya a kan mallakarsa.

Akwai kuma batun da 'yan ci-rani suke jin nauyin faɗa. Gidan na magada ne gaba ɗaya, kuɗin gyara kuwa naka ne kai kaɗai. A zauna da Hajiya da 'yan'uwanka maza da mata, a rubuta a gaban shaidu cewa abin da ka kashe bashi ne da za a cire daga kuɗin gidan kafin a raba gado. Wannan rubutu zumunci yake karewa, domin bayan ciniki kowa yakan tuna abin da ya karɓa, kaɗan ne suke tuna wanda ya sayi yashi.

Idan an zo kan makewayi, a fara da abin da ido ba ya gani. Ka sa ƙaninka ya rufe duk famfunan gidan ya tsaya a gaban mitar ruwa ta kamfanin Camwater na ɗan lokaci. Idan tana juyawa, akwai bututun da ke yoyo a cikin bango ko ƙarƙashin daɓe. Ya zagaya bayan bangon makewayi ya duba ƙasa-ƙasa: inda fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, danshi ne ya daɗe yana cin wurin, kuma duk tayil ɗin da aka manna a kai zai saki. Ya kwara bokitin ruwa a ƙasa ya ga ko ruwan zai bi hanyarsa zuwa magudana ko zai kwanta a lungu. Tsofaffin bututun ƙarfe da suka yi tsatsa a canza su da na roba, a kwashe ramin shadda, a gyara murfinsa, a sa masa bututun fitar da wari da ya haura rufin gida. Wannan aiki ba ya fitowa a hoto, amma hancin mai saye zai shaida shi tun daga zaure.

Kwamin wankan kuwa, ina roƙonka ka haƙura da shi. A garin da ruwan famfo yakan ɗauke, mutane suna wanka da bokiti suna alwala da buta, kwami ba zai zama komai ba face wurin tara wanki. Abin da zai burge mai saye shi ne ƙaramin tanki a sama, da famfo na ƙasa inda za a cika buta ba tare da wahala ba, da shawa guda mai ƙwari, da tayil mai kaushi wanda tsoho ba zai zame a kai ba. A makewayin tsakar gida a bar masai na tsuguno, a na ɗakin maigida a sa na zama. Idan za a sauya mazaunin masai, a lura kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, domin masu saye da yawa suna duba wannan ko da ba su furta ba.

Ɗakunan kwana ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. A hau rufi a toshe inda kwano yake yoyo, a duba katakon rufi ko gara ta ci, sannan a canza silin da ya yi tabo. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, don haka taga mai faɗi da raga ta hana sauro da fanka mai aiki sun fi kowane ado amfani. A kira mai gyaran lantarki ya sauya wayoyin da suka tsufa, a shafa farin fenti ko mai ruwan madara. Daɓen siminti mai lafiya a bar shi yadda yake, sabon mai gida ya zaɓi tayil ɗin da ransa yake so.

Kada ka tura kuɗin a dunƙule. Magini ya rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, a raba aikin kashi-kashi, kuma kada a biya kashi na gaba sai ka ga na baya ta kiran bidiyo a WhatsApp. Ka sa a ƙwanƙwasa sabon tayil da mabuɗi kana saurare, domin wanda aka yi wa rowar siminti yakan yi amo kamar ƙwarya. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan ɗaukewar damina, daga Nuwamba, sa'ad da tabon yoyo yake sabo a silin kuma bango ya fara bushewa.

Duk aibin da kuɗinku bai kai ga gyara shi ba, ku bayyana wa dillali da mai saye, kada a rufe tsagewar bango da fenti. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma wannan kuɗi ne da marayu da Hajiya za su ci. Ka fara aiko wa ƙaninka abin da zai kai shi wurin noter da kotu, sauran kuma su zauna a asusunka har sai takardun sun fito.