Amsa ga uwar da ɗanta ke rikita pan da fan, hat da hate

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce yaronki yana aji uku na firamare a nan Katsina, yana rikita ƙananan kalmomin Turanci masu kama da juna irin su pan, pen da pin, bai san ma'anarsu ba, har malaminsa ya kira shi daƙiƙi. Wallahi abin ya sosa min rai, domin ciwon da nake fama da shi ke nan a aji kullum, kuma yaron nan ba shi da laifi.

Laifin na masu koyarwar ne. A cika allo da kalmomi ashirin, a sa yara sittin su yi ta rera "si, e, ti, kat" kamar waƙa, gobe a yi shifta, wanda ya faɗi a zane shi. Sunan harafi ake koya musu, alhali da sautinsa ake karatu. Ma'ana kuwa ba mai faɗa musu, wai an hana Hausa a makaranta, har tara ake cin yaro in ya yi. To ta ina zai san kalmar da bai taɓa jin fassararta ba? Wani malamin shi kansa fan yake cewa in yana nufin pan, sannan ya ɗaga bulala. Ga masu lesin da ke karɓar kuɗi duk wata, suna maimaita wannan waƙar a zaure. Allah ya isar wa yaran nan, don da yawa daga nan suke tsanar boko gaba ɗaya.

Ki fara da p da f. Hausa ba ta raba su, shi ya sa muke cewa famfo, fensir, fenti, duk da p suke a asali. F ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, a bakin Katsinawa ma takan koma hw, kamar hwari. Ki riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa. In ya ce pan, wato kasko, ya rufe leɓɓa ruf ya saki iska, takardar ta motsa. In fan ce, fanka, haƙoran sama su hau leɓen ƙasa. Haka pin, fil ɗin ɗinki, da fin, fiffiken kifi. Haka pull, ja, da full, cike. Da waɗannan haƙoran ake yin v, sai dai maƙogwaro na rawa, haƙoran ne ke raba van, motar kaya, da ban, hani.

Wasula su ne babban aiki. Namu biyar ne, kowanne da dogo da gajere, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Na Turanci a rubuce biyar ɗin ne, a baki sun fi goma. Ki sami kwali ki yanka haruffa 26, wasulan da jan biro. Ki ajiye b a hagu, g a dama, ki riƙa canza na tsakiya kaɗai: bag jaka, beg roƙo, big babba, bug ƙwaro. Sai hat malafa, hot zafi, hut bukka, hit duka. Inda yara suka fi faɗuwa shi ne u. A hut, cut da cup ba "u" ta Hausa ba ce, ta fi kusa da gajeren "a" ɗinmu. Amma put ta saɓa, da "u" ɗinmu take, ki gaya masa tun wuri.

Kalma biyar a rana ta isa, minti goma zuwa sha biyar, bayan ya ci abinci. Kowace ya faɗe ta, ya nuna abin a cikin gida, mat tabarma, cup kofi, pot tukunya, sannan ya rubuta. Don Allah kar a yi masa tsawa, kuma a hana yayyensa dariya, ita ta fi bulala kashe zuciya.

Sai ya zauna da waɗannan za ki shigo da e ta ƙarshe, wadda ba a furtawa amma take sa wasalin tsakiya ya faɗi sunansa. Hat ta koma hate, ƙi. Tap, famfo, ta koma tape, tef ɗin tela. Hop, tsalle da ƙafa ɗaya irin na langa, ta koma hope, fata. Have, give da come ba su bin wannan ƙa'ida, haddace su ake yi.

In kin ga yana karanta was a matsayin saw, ko ten a matsayin net, ki sa ya ɗora yatsa a harafin farko ta hagu kafin ya buɗe baki. In aka yi zango guda ana wannan bai daina juya haruffa ba, ko yana matso da littafi kusa da fuska, a kai shi asibiti a duba ido da kunne. Malamin kuma ki sa babansa ya je ya same shi a keɓe, ya roƙe shi ya daina kiran yaron da wannan suna a gaban 'yan aji.