Dalilin da ya sa har yau maharba ba su saki .375 H&H ba

Malam, ka tambaya me ya sa maharban manyan namun daji suke riƙe da harsashin da ya haura shekara ɗari, alhali sababbi sun cika kasuwa. Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da .375 H&H Magnum a 1912, kuma tun farko don zafin Afirka da Indiya aka tsara shi.

Dubi kwansonsa: dogo ne, yana tsukewa a hankali zuwa gaba. Albarushin wancan zamani, kodayit, matsinsa na hauhawa idan rana ta ƙwalle, har kwanso ya maƙale a bindiga. Wannan siffa ta sa yake shiga ya fita salin-alin. Wanda ɓauna mai rauni ta taso wa ba shi da lokacin kokawa da bindiga.

Sannan bindiga ɗaya ta wadatar. Harsashi mai nauyin giram 19 da ɗoriya yana fita da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa, ya isa ɓauna da giwa, mara nauyin kuma ya yi wa gwanki daga nesa. Dukan kafaɗa idan an harba akwai shi, amma mutum na jurewa, ba kamar na harsashin .458 da ya fi shi girma ba.

Doka ma ta taimaka, don a Tanzaniya shi ne mafi ƙanƙantar da aka yarda a harbi dabba mai haɗari da shi. Tun da kamfanin Winchester ya saka shi a bindigarsa Model 70 a 1937 talaka-talakan maharba ma suka samu. Sabon harsashin .375 Ruger na 2007 ya ɗan fi shi gudu, amma je ka neme shi a sansanin farauta ka ga wuyar samunsa.