In an ba ka teku da kuɗi, wane jirgin yaƙi za ka fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a raba mana gardama. Ni da abokina muna ta musu kan a ce yau ga sabuwar ƙasa mai bakin teku, an ce mu tsara mata rundunar sojin ruwa tun daga tushe, ni na ce jirgin ruwa mai dakon jiragen saman yaƙi zan fara saya tunda shi ne sarkin teku, shi kuma ya kafe sai jirgin ƙarƙashin ruwa. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ku duka kun yi azarɓaɓi, kun tafi kasuwa ba ku san me za a dafa ba. Wannan ƙasa taku me take tsoro? In matsalarta ɓarayin kifi da 'yan fashin teku da masu fasa-ƙwauri ce, to dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ta mil 200 daga gaɓa ta ci arzikinsu, kuma masu gadin wannan fili su ne jiragen sintiri masu arha, da helikwafta ɗaya a bayansu, ba wani dodo ba.

Naka jirgin dakon kuwa, hmm. Gerald Ford na Amurka ya lashe wajen dala biliyan 13, mutum sama da 4,000 ke aiki a cikinsa, kuma ba ya fita shi kaɗai, dole sai da distiroya masu kare shi daga makamai masu linzami, da jirgin ƙarƙashin ruwa, da tankar mai da ke bin sa da mai da abinci, wato ka sayi giwa ne kuma sai ka ɗauki masu yi mata ciyawa. Tailan ta gwada, ta karɓi Chakri Naruebet daga Sifaniya a 1997, kuɗin tafiyar da shi ya gagara, zuwa 2006 jiragen Harrier ɗinsa sun daina tashi, yanzu yawancin lokaci yana ɗaure a tasha mutane na zuwa kallo.

Abokinka ya ɗan fi ka kusa da hanya, kar dai ka gaya masa. A yaƙin Falkland na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina, jirgin ƙarƙashin ruwa guda, Conqueror na Birtaniya, ya nutsar da jirgin ruwan yaƙin Ajantina General Belgrano, mutum 323 suka mutu, daga nan manyan jiragen ruwan Ajantina har da na dakonsu suka koma gaɓa ba su sake fitowa fagen daga ba. Amma shi ma ba abin wasa ba ne, horar da ma'aikatansa shekaru yake ci, kuskure kaɗan kuma kowa ya tafi. Ita dai Ajantinar ta rasa jirginta na ƙarƙashin ruwa San Juan da mutum 44 a 2017, ba a lokacin yaƙi ba ma.

Abin da masu irin wannan musu ke mantawa shi ne lissafin uku. In kana so kullum a samu jirgi ɗaya a teku sai ka mallaki kamar uku, ɗaya na aiki, ɗaya na atisaye ko hanyar dawowa, ɗaya a wurin gyara. Shi ya sa guda ɗaya tilo komai girmansa mafi yawan shekara hoto ne kawai.

Ni da za a ba ni aikin, jiragen sintiri shida zuwa tara zan fara da su, sai firiget, wato matsakaitan jiragen ruwan yaƙi, guda uku iri ɗaya sak saboda kayan gyara da horo su zo ɗaya, sai tankar mai, sai masu share nakiya guda biyu don nakiya mai arha ce ta kusa raba jirgin ruwan yaƙi Samuel B. Roberts na Amurka biyu a 1988. A gaɓa kuma in jera makamai masu linzami a kan manyan motoci, irin su ne Yukren ta harba wa jirgin ruwan yaƙi Moskva na Rasha a Afrilun 2022 ya nutse. Jirgin ƙarƙashin ruwa sai bayan an gina wurin gyara an samu injiniyoyi, shi ma uku ko a haƙura. Na dakon naka kuwa, ka bari sai ƙasar ta fara tunanin kai yaƙi wata nahiya, sannan ka sake rubuto mana.